Yadda Ake Shirin Neman Digiri na Biyu a Fannin Ƙididdiga daga Bauchi da Gombe

Duk shekarar da jami'o'i suka fitar da sanarwar sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, shagunan kwamfuta na Yelwa da Wunti a Bauchi, da na kewayen Tudun Wada a Gombe, sukan cika da masu rungume da jakunkunan takardu. Tambayoyin da ake ji a bakinsu ba su wuce biyu ba, wato nawa ne kuɗin fom, kuma yaushe za a rufe. Wanda yake neman digiri na biyu a fannin ƙididdiga yana da tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi, ko da yake ba kasafai ake yin ta ba, ita ce ko lissafin da ya rage a kansa zai iya ɗaukar karatun da yake nema. Sharuɗɗan wannan digiri kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake rubutawa a sanarwa, waɗanda magatakarda zai duba ya sa hannu, akwai kuma waɗanda babu wanda zai tambaye ka su a ranar rajista, sai makonni uku da fara darasi su bayyana da kansu a kan allo. A ganina na biyun ne suke kayar da mutane, amma tun da na farkon ne ke buɗe ƙofa, da su ya kamata a fara.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce ke gindaya mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta nema, sannan kowace jami'a tana da ikon ƙarawa a kai. Abu na farko shi ne sakamakon sakandare mai kiredit biyar, daga WAEC ko NECO ko NABTEB, wanda ya haɗa da Turanci da Lissafi, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa digirin farko ya shafe wannan sharaɗi, alhali kuwa makarantar karatun gaba da digiri tana sake duba shi daga tushe. Wanda ya san cewa ya shiga jami'a a wancan zamani da fas a Turanci, gara ya sake zama jarrabawar 'yan waje tun yanzu ya cike giɓin, maimakon a dawo masa da fayil ɗinsa bayan ya biya kuɗin makaranta.

Na biyu shi ne digirin farko da darajarsa. A ma'aunin maki 5.00 da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ta ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Sanarwa takan ce ana karɓar mai daraja ta biyu ta ƙasa, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, domin tazarar da ke tsakanin 2.40 da 3.49 tana da faɗi, kuma jami'o'i da dama ba sa ɗaukar wanda makinsa ya gaza 3.00 a digirin da ake kammalawa da kundin bincike. Saboda haka mai maki 2.60 kada ya tsaya ga sunan darajarsa kawai. Ya karanta sanarwar shekarar har ƙarshenta ya ga ko an ambaci adadi, idan kuma ba a ambata ba, ya je sashen da ƙafarsa ya tambayi malamin da ke kula da ɗaliban digiri na biyu. Tambayar minti goma ta fi asarar kuɗin fom da jiran wata shida.

Wanda digirinsa na farko a ƙididdiga ko lissafi yake, hanyarsa miƙaƙƙiya ce. Masu digirin tattalin arziki, kimiyyar kwamfuta, injiniya, noma ko ilimin koyar da lissafi kuwa, da masu daraja ta uku, da masu babbar difloma ta HND daga makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, galibi ana tura su su fara yin diflomar gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD, ta shekara guda, su fito da sakamako mai kyau, sannan su nemi digiri na biyu. Na sha jin masu HND suna ƙorafin cewa wannan raini ne, tun da sun fi wasu 'yan jami'a iya aikin hannu na tattara bayanai da tsara jadawali, kuma sau da yawa gaskiya suka faɗa. Sai dai digiri na biyu a wannan fanni rabinsa hujjojin lissafi ne, kuma shekarar PGD ita ce kaɗai damar da mutum zai samu ya koyi waɗannan hujjoji a natse. Wanda ya yi ta don ya karɓi takarda kawai, zai biya bashin a zangon karatu na gaba.

Sai takardar hidimar ƙasa ta NYSC. Ana karɓar takardar kammalawa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri, ko takardar keɓewa ga waɗanda suka yi karatun da ba na cikakken lokaci ba, wato part-time. Za a nemi kuma wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku, kuma ya fi kyau aƙalla biyu su kasance malaman da suka koyar da kai, musamman wanda ya duba aikinka na shekarar ƙarshe, domin wasiƙar hakimi ko ta shugaban ƙaramar hukuma ba ta gaya wa sashe komai game da iya lissafinka.

Akwai takarda guda da ta fi duk sauran cin lokaci, ita ce cikakken bayanin sakamakon darussa, wadda kowa ke kira transkirif. Ba a damƙa wa ɗalibi ta asali a hannu. Tsohuwar makarantarsa ce ke aika ta kai tsaye zuwa sabuwar. Lokacin da na nemi tawa, na biya kuɗi na karɓi rasit na koma gida ina jira, sai bayan makonni bakwai na koma na iske fayil ɗin yana nan a ƙasan wani tari, an liƙa masa 'yar takarda da ke cewa ba a ga sakamakon wani kwas na aji biyu ba. Na ce wa dattijon da ke teburin, "Baba, don Allah me ya kamata in yi?" Ya ɗaga tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka zo tun makon farko ai da ka ji. Je ka sashenku ka nemi jami'in jarrabawa ya binciko tsohon kundin maki." An same shi a cikin kwana biyu, amma kafin nan har an kusa rufe tantancewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya ƙudurta yin karatun nan, ya nemi transkirif tun kafin sanarwa ta fito idan tsarin makarantarsa ya yarda, ya ajiye kwafin kowane rasit, ya kuma riƙa bin sawu kowane mako, da kansa ko ta hannun wani amintacce. A lokaci guda ya jera takardunsa ya duba rubutun sunansa, domin a yankinmu ba abin mamaki ba ne ka ga Muhammad a sakamakon sakandare, Mohammed a digiri, Moh'd a takardar hidimar ƙasa. Takardar rantsuwa daga kotu tana gyara wannan, haka ma ga matan da suka sauya suna bayan aure. Kuɗin fom kuma a biya shi ta hanyar da jami'a ta bayyana, kamar Remita a jami'o'in tarayya, kada a tura shi asusun wani mutum komai daɗin bakinsa.

Game da inda za a nema, mazaunin Bauchi zai fara duba Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, mai harabobi a Yelwa da Gubi. Mazaunin Gombe yana da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011. Kwasa-kwasan da ake buɗewa suna iya sauyawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon malaman da ke ƙasa, don haka sanarwar shekarar ce abin dogaro. Wanda zai iya yin nisa ya duba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da na Ibadan da Ilorin da Nsukka, waɗanda duk suka daɗe suna koyar da wannan fanni. Shawarata ita ce mutum ya fara tambayar malamai nawa ne masu digirin digirgir a ƙididdiga suke zaune a sashen, da kuma ɓangaren da kowannensu ya ƙware, kafin ya tambayi kyan gine-gine, domin ɗayansu ne zai riƙe kundinsa na tsawon shekara ko fiye.

Yanzu sai sharaɗin da ba a rubutawa. Ƙididdigar da yawancin mutane suka sani ita ce ta fitar da matsakaici, zana jadawali, da latsa maɓalli a manhajar nazarin bayanai ta SPSS har sakamako ya fito. A digiri na biyu ba a tambayar yadda ake latsa maɓallin. Ana tambayar dalilin da ya sa sakamakon ya zama abin yarda, da yanayin da zai daina zama haka. Wannan kuwa yana tsaye a kan duwatsun murhu uku. Na farko kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, har da wanda ya shafi abubuwa masu sauyawa fiye da ɗaya, domin da shi ake fitar da kusan kowace ƙa'ida ta ƙiyasi. Na biyu aljabarar jerin lambobi da ake kira matiris, yadda ake ninka su da juya su, domin da ita ake rubuta darasin alaƙar abubuwa da juna da darasin nazarin abubuwa masu yawa a haɗe. Na uku ilimin yiwuwa, wanda shi ne harshen fannin gaba ɗaya.

Ga gwaji guda da mutum zai yi wa kansa a ɗaki, da biro da takarda. A ƙaddara wata cuta tana kama mutum 1 cikin kowane 100 a wani gari, akwai kuma na'urar gwaji da ke gano 90 cikin kowane 100 masu cutar, amma tana kuskuren nuna cutar a jikin 5 cikin kowane 100 masu lafiya. An gwada wani mutum, na'ura ta ce yana da ita. Mene ne yiwuwar cewa da gaske yana da ita? Mafi yawan mutane, har da masu digiri, za su ce kashi 90. Amma idan aka ɗauki mutum 10,000, masu cutar 100 ne, kuma na'ura za ta kama 90 daga cikinsu. Masu lafiya 9,900 ne, kuma za ta yi wa 495 ƙazafi. Waɗanda aka ce suna da cutar ke nan 585, na gaskiya a cikinsu 90 kacal, wato kusan kashi 15 cikin 100. Wanda ya kai ga wannan amsa da kansa, ya kuma gane cewa ƙa'idar Bayes ce ya yi amfani da ita, wato hanyar sabunta yiwuwar abu bayan samun sabuwar shaida, yana kan hanya. Gwaji na biyu shi ne ya bayyana, da hujjar lissafi ba da hadda ba, dalilin da ya sa idan ana auna bambancin da ke cikin samfur ake rabawa da adadin samfurin ban da ɗaya. Idan duka biyun sun gagara, ba abin kunya ba ne, musamman ga wanda ya yi shekara takwas ko goma yana aikin ofis ko koyarwa a sakandare, amma alama ce ta cewa yana buƙatar wata uku zuwa shida na bita kafin ya zauna a aji. Ya zaro tsofaffin littattafansa na aji biyu da aji uku, ya ware sa'a guda bayan sallar asuba, ya riƙa warware tambayoyi da hannunsa, domin karanta lissafi da ido kamar jarida ba ya zama a kai.

A cikin watannin nan na bita ya kamata ya saba da kwamfuta ma. SPSS yana da amfani, kuma shi ne abincin masu shagunan da ke yi wa ɗalibai nazarin babi na huɗu na kundin bincikensu, amma ɗalibin ƙididdiga ana sa ran ya rubuta umarni da kansa. Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland cikin shekarun 1990, kyauta ce, ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci a inda kuɗin data ke cin aljihu. Python, wadda ita ma hanyar rubuta wa kwamfuta umarni ce, kyauta ce, kuma ita ce masu ɗaukar aiki a kamfanoni suka fi tambaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai riƙe caji ta fi mai kyan gani amfani a Bauchi ko Gombe, ga duk wanda ya taɓa zama cikin zafin watan Afrilu yana jiran a kawo wuta.

Idan an samu gurbi, tsarin karatun a yawancin jami'o'in ƙasar nan kusan iri ɗaya ne. Ana yin zango biyu na darussa, sannan a shiga bincike, kuma mafi ƙarancin lokaci a takarda zango uku ne, wato kusan wata 18, ko da yake yajin aiki da jinkirin duba kundi sukan ja shi ya wuce haka. Jimillar nauyin darussa da kundi ba ta cika gazawa ma'aunin kiredit 30 ba, kuma makin ci a wannan mataki 50 ne cikin 100, saɓanin 40 da aka saba da shi a digirin farko. Darussan dole sukan haɗa da ilimin yiwuwa mai zurfi, da ƙa'idojin ƙiyasi da gwajin hasashe, da dabarun ɗaukar samfur, da tsara gwaje-gwaje, da nazarin bayanan da ke bin lokaci kamar farashi da ruwan sama. Mai burin wucewa zuwa digirin digirgir ya sani tun ranar farko cewa cin jarrabawa kawai bai isa ba, domin galibi ana neman matsakaicin maki 60 ko 3.50, wasu wuraren ma fiye.

Kundin bincike shi ne inda aka fi daɗewa. Ana bin matakai ne: a gabatar da shawarar bincike a gaban malaman sashe, a yi aikin, a kare shi a cikin gida, a duba shi da manhajar gano satar rubutu, sannan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a a kare shi a gabansa. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya zaɓi take mai daɗin ji, a amince masa, sannan ya fita neman bayanai ya iske babu su, ko mai riƙe da su ya ƙi bayarwa. A fannin nan ana fara tabbatar da bayanai ne kafin a raɗa wa bincike suna. Babban Bankin Nijeriya yana wallafa kundin alƙaluman tattalin arziki kowace shekara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da farashin kayan abinci jiha-jiha, akwai kuma binciken MICS da take yi tare da UNICEF kan mata da yara, wanda ake samun bayanansa bayan an yi rajista. Bayanan ruwan sama suna hannun hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kuma sai an rubuta takardar nema. Wanda yake son bayanan marasa lafiya daga asibiti dole ya sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma wannan ma yana cin makonni. Batutuwa kuwa ga su nan a ƙofar gida: yadda farashin masara ke hawa da sauka a kasuwar Muda Lawal tsakanin kaka da bazara, ko gwajin nau'o'in taki a gonakin noman rani na Dadin Kowa, ko yadda za a ɗauki samfur mai wakiltar jama'a a jihar da rabon da a ƙidaya mutanenta tun 2006. Sai dai a tuna cewa sashen ƙididdiga yana son ya ga abin da ka yi wa dabarar kanta, kamar kwatanta hanyoyin ƙiyasi biyu ko gwada su a kan bayanan da kwamfuta ta ƙirƙira, ba zuba lambobi a manhaja kawai ba.

Masu hangen waje za su iske sharuɗɗan lissafin nan uku a rubuce ɓaro-ɓaro, musamman a jami'o'in Amurka, inda karatun kan ɗauki shekara biyu kuma wasu ke neman jarrabawar GRE. A Ingila shekara ɗaya ce, kuma galibi ana son daraja ta biyu ta sama, da shaidar iya Turanci irin IELTS idan jami'ar ba ta karɓi sakamakon WAEC ba. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana buƙatar shekara biyu na aiki, akwai kuma na Commonwealth da na DAAD na Jamus. Cibiyar Nazarin Kimiyyar Lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 kuma take da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin ɗalibanta na digiri na biyu a ilimin lissafi, kuma ban ga dalilin da zai hana mai sakamako mai kyau daga Azare ko Kaltungo gwada sa'arsa ba.

Saura maganar aiki da aljihu. Malamin babbar makarantar gwamnati yana iya neman tallafin Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, ta hannun makarantarsa. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma kuwa ya nemi izinin hutun karatu a rubuce, ya bi takardar har a sa hannu kafin ya yi rajista, domin digirin da aka yi ba da izini ba yana iya zama abin jayayya a lokacin ƙarin girma. Wanda yake tunanin zai riƙa tasowa daga Gombe zuwa Bauchi, tafiyar kusan kilomita 150, ya halarci darasi ya koma a ranar, ya lissafa kuɗin mota na wata tara ya kwatanta da kuɗin hayar ɗaki guda kusa da makaranta tare da abokan karatu biyu. A lissafin nasa ya sa kuɗin buga kundi da ɗaure shi, wanda ba sau ɗaya ake yi ba, tun da kowace karewa tana zuwa da gyare-gyarenta, kuma ba za a sa hannu a takardar sallama ba sai an miƙa kwafe masu bango mai tauri ga sashe da laburare da makarantar karatun gaba da digiri.